Sai Baɗi

"Wannan ya cika tsawo, ba zai sha kwana a ɗakina ba," in ji tsoho Lakpa, ya ture jirgin ƙasan wasan. "Ba ni gajere mai tururi, irin namu na Darjeeling, mai ƙarfin ja."

Mai shagon ya yi dariya. "Baba, ka tsufa a aikin jirgi, ba ka gaji ba? Jikanka ya more."

"Ba ni da jika." Lakpa ya ciro ɗan gwangwani daga aljihun ƙirjinsa, ya ɗora a taragon gajeren jirgin. Jirgin ya ja shi, ya sha kwana lafiya.

"Ganyen shayi ne?" in ji mai shagon.

"Tokar matata ce, Phulmaya. Kullum takan ce in hau jirgi da ita, ni kuma in ce sai baɗi."