Ramin da Ya Bi Ƙarƙashin Rafi

A bakin ruwa na fara haɗuwa da ita, muna jiran kwalekwale. Tsohuwa ce mai sayar da daddawa. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wannan ramar taki ba ta ciwo ba ce." Ban san dalili ba, na gaya mata akwai wanda nake so, na ɓoye wa gidanmu, shi kuma ya gaji da jira yana shirin barin gari. Sai ta ba ni misali.

Ta ce an yi wani mahaƙin rijiya da yake son wata yarinya a tsallaken rafi. Da damina rafin yakan cika, a daɗe ba mai haye shi. Hanya biyu ce a gabansa: ya ɗora gada a sama, ko ya haƙa rami ta ƙasa. Gada aikin gayya ce. Sai an sari giginya, an tara samari, kuma duk wanda ya ɗauki gungume zai tambaya wa za a je gani. Rami kuwa, mutum ɗaya da dagi ya isa. Don kunya ya zaɓi rami. Ya shiga tsohuwar rijiyar bayan gidansa ya fara haƙa ta gefe. Da rani sai ya yi nisa da haƙa, da damina ruwa ya tsattsafo ya rufta aikin, ya sake daga fari. Bayansa ya ranƙwafa, idonsa ya daina jure rana. Ita kuwa tana zuwa wanki a ɗaya gaɓar, tana duban tsallake, ba ta san yana ƙarƙashin ruwan da take wanki da shi ba.

Wata shekara ambaliya ta zaftare gaɓa, ramin ya fito fili, ya miƙe saitin gidan su yarinyar. Gari ya taru aka sha dariya. Da dariyar ta lafa, dattawa suka ce da ya yi magana, ai da tuni an gama. Rani na yi aka kira gayya, aka ɗora gada. Masu rakiyar amarya ne suka fara bi ta kanta, domin yarinyar ta gaji da jira, ta amsa wa wani da ya buɗe baki. Mahaƙin yana tsaye a gefe da daginsa, suka wuce shi suna guɗa.

Kwalekwale ya iso. Na miƙe, na ce da ƙarfi har mai tuƙi ya waiwayo, "Iya, na yi alkawari, yau zan gaya wa Innata sunansa, ta kai wa Baba."

Ta ɗora ƙwaryarta a kai ta ce, "Gara dai, 'yar nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."