Kyautar Yaya Sallau

Tun da aka rufe kotuna, faɗan dodanni a waya ke raba rikicin gona. Kowa ya zo da dodo shida, wanda aka cinye ya bar gonar.

Ranar karawa da safe, Ladidi ta duba wayar mahaifinta, ta dafe ƙirji.

"Baba! Duk shidan na wuta? Dodon ruwa ɗaya ya gama da su! Wa ya haɗa maka?"

"Yaya Sallau ne ya ba ni kyauta."

"Innalillahi! Da shi fa za ku kara!"

"Na sani. In mayar wa yayana kyautarsa? Da wane ido zan dube shi?"

Wayar ta yi ƙara, zaɓin dodanni ya kulle. Ta taga Ladidi ta hango Baffa Sallau a bakin gonarsu, yana sauke buhun iri.