Ƙwan da Na Lulluɓe da Ɗankwalin Kaka

Wata la'asar a gidanmu na Gobarau, Kaka ta same ni tsugune kusa da murhu, na lulluɓe ƙwan kazarmu da ɗankwalinta, ina jiran ɗan tsako ya fito.

Da na gaya mata, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"'Yar nan, kin taɓa jin cara a gidan nan? Kaza kan yi ƙwai ita kaɗai, amma tsako sai da zakara. Ke ma da uwa da uba aka same ki."

Ta soya mini ƙwan da man shanu. Na ci ina kuka, na kuma suɗe kwanon.

Yau ni ke koyar da darasin haihuwa a sakandare. Duk lokacin da na zana ƙwai a allo, ƙamshin man shanun nan nake ji.