Tafin Ƙafar Tabawa

Tun da cutar ciyawa ta cinye filin wasan golf ɗin manya aka kafa doka. Wai kowane gida da irin cutarsa, kuma gidan da injin gwajin cuta ya nuna, ƙone shi ake yi.

Ran Laraba Tabawa mai shara ta hango Alhaji Ɗanliti, ɗaya daga cikin manyan, a filin, ta tuɓe takalmi kan ciyawar, ta durƙusa gaisuwa yadda aka raine mu. Masu gadi suka rufe ta da kulki har haƙorinta ya fita, suka kankari tafin ƙafarta suka sa a injin.

Mai inji ya ce, "Ranka ya daɗe, ai irin cutar gidanka ce."

Ni dai na san ba shara kaɗai ke kai ta gidan ba.

Alhaji ya gyara hula. "Injin nan ya tsufa."

Ɗakin Tabawa aka ƙone, da injin a ciki.