Lamba Huɗu a Bayan Labule

DJ na huɗu yana sakin kiɗa, biro ya suɓuce daga hannun Latifatu.

Dokar gasar Sallah ta unguwar Kawukudi ɗaya ce: masu sa kiɗa suna bayan labule, alƙalai ba sa ganin kowa, ƙafafun masu rawa kawai suke kallo. Mijinta marigayi Hudu ne ya kafa dokar, shi ya sa aka ba ta kujerarsa ta alƙalanci.

Yanzu ga tsohon kiɗan hailaif ɗinsa, waƙa bayan waƙa, daidai yadda yake jera su. Har ɗan shirun nan da yake bari a tsakiya don mutane su tafa. Fili ya cika, tsofaffin unguwar Maamobi ma sun miƙe.

Shekara uku ke nan da aka sace kwamfutarsa mai ɗauke da waƙoƙin, ranar jana'izarsa.

"Wannan ɓarawo ne," ta ce wa Abass, alƙalin da ke gefenta.

"Anti, dubi fili mana. Ƙafa doka ta ce mu duba."

"Ni na san kayan mijina."

Ta rubuta sifili. Da maki biyu kacal lamba huɗu ya faɗi.

Aka yaye labule. 'Yarta Shifa ce tsaye, sanye da hular babanta, riƙe da wayarta mai fasasshen gilashi.

"Mma, ban sami kwamfutar ba," ta ce. "Shekara uku ina tuno waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, don ki sake takawa. Ina ta leƙowa ta labule. Kowa ya tashi, ban da ke."