Turaren Baba

"Da tun bara kuka kawo shi," in ji likita, "da mun tsaga mara, ko mu bi ta hanyar fitsari mu kankare kumburin da ya toshe ta. Yanzu ƙodarsa ta lalace, ba zai jure aiki ba."

"Baba, tun yaushe?" na tambaya.

Ya kawar da kai. Ni ne ɗan farinsa. Don kunya, ko sunana ba ya kamawa, balle ya yi mini wannan zance.

A keke, hanyar Tudun Wada, ƙamshinsa ya cika mini hanci. Shekara uku yana aikena sayen turare, ina alfahari tsohona ɗan gayu ne.

Ashe zarnin fitsari yake binnewa, ni kuma ina miƙa masa ƙasa.