Bugu Ɗaya Ta Tashi

A-kori-kurar ta tashi bugu ɗaya ranar Asabar da safe, bayan ta yi kwana uku a kwance a ƙofar gida. Mai ita tela ne, iyakar saninsa da inji keken ɗinki. Shi ya canja mata sarkar taimin da hannunsa, yana bin bidiyo a waya.

Yayansa, bakanike mai shekara talatin a sana'ar, yana zaune a benci. Tun ranar farko aka hana shi taɓa ko sifana.

"Yaya, ka ji sauti?" in ji telan, yana taka totur. "Dama wannan ne aikin da kuke yi wa mutane yanga a kansa? Gara ka koma faci."

Telan ya loda tumatirin surukinsa, wanda ya yi alkawarin kaiwa wata kasuwa mai nisan awa biyar kafin ya ruɓe, ya ja mota yana danna hon.

Can sai matar telan ta fito da daron da ya wanke kayan injin a ciki.

"Yaya, wannan tsohuwar sarkar a yar da ita?"

Bakaniken ya karɓa, ya riƙe ta a kwance. Ko kaɗan ba ta lanƙwasa ba.

"Adana ta, sabuwar ce," ya ce. "Gwanin naki ya wanke su tare a fetur, ya mayar da tsohuwar."

Ta kira mijin sau huɗu, layin bai shiga ba. Har la'asar tumatirin bai isa kasuwa ba.